Shari'ar Kazar Fingi

Ko da tsufa zai kwashe min duk abin da ke kaina, ba na jin zai iya ɗauke Asabar ɗin nan da manyan mutane masu hankali suka bar ayyukansu, suka jera kujeru a tsakar gidan hayarmu, don a yanke wa kaza ɗaya hukunci. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai in ji zuciyata ta ɗauki zafi, daga baya kuma dariya ta kama ni.

A lokacin muna zaune a Tungan Maje, a wani gida mai iyali shida, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ina koyarwa a makarantar firamare, shi ya sa kowa a gidan Malama yake ce min. Maigidana kuma yana tsaron wani shagon kayan gini a Dei-Dei, mutum ne mai sanyin hali wanda ko taka shi aka yi shi zai ba da haƙuri. Ni ba haka nake ba, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. 'Yarmu ɗaya, shekararta bakwai, Allah ya yi ta da i'ina mai tsanani. Kalma sai ta tsaya mata a maƙogwaro, ta runtse ido, ta buga ƙafa a ƙasa, abin ya ƙi fita. Yaran gidan suka mayar da ita abin kwaikwayo, har ta kai yarinyar nan ta koma nuni da hannu. Ni kuwa da saurin bakina, kafin ta kai rabin magana na ƙarasa mata, na miƙa mata abin da take so. A ganina taimakonta nake yi.

Wata rana na tafi da ita Dei-Dei don mu sayo kazar miya. Ina can ina ɗaga wannan ina ajiye waccan, sai na waiga na ga yarinya ta durƙusa gaban wani keji a gefe. Wata kaza ce a ciki ita kaɗai, ja-ja-ja da ita, gashinta duk a murɗe yana kallon sama kamar tsohuwar tsintsiya. Ban taɓa ganin mummunar halitta mai fukafuki irinta ba. Mai kajin ya ce, "Hajiya, bar wannan, fingi ce. Ba ta miya ba ce, masu nemanta sun san abin da suke yi da ita." Ni da na tashi a tsakiyar birni, a gidan da ko tattabara ba a kiwo, ban ma tsaya tambayar abin da yake nufi ba. Abin da ya ɗauke min hankali shi ne 'yata ta ɗago kai ta dube ni ta ce, "Mama, sanyi take ji." Kalma huɗu reras, ba tangarɗa. Na fi wata biyu ban ji haka daga bakinta ba. Ranar miyar kifi muka ci, kazar kuma ta zo gida a cinyar 'yata, an raɗa mata suna Gimbiya tun muna cikin mota.

Wautar da na tafka a makon farko, in na faɗa wasu ba za su yarda malamar makaranta ce ta yi ba. Na ɗauka ciwo ne ya tayar mata da gashi, don haka na dafa ruwa na yi mata wanka da sabulu, na shafe ta da man kaɗanya, na sa mataji ina taje ta. Da ta bushe sai gashin ya ƙara miƙewa fiye da dā. Abinci kuwa abin da muka ci shi take ci, shinkafa da miya har da yaji. Kwana kuma a falo, cikin kwalin taliya, har sai da maigidana ya taka kashinta da safa yana shirin fita aiki, ya dube ni ya ce, "Wannan baƙuwar taku, yaushe za ta koma?" Iyakar faɗan da ya iya ke nan.

Wata Bafulatana da ke kawo mana nono daga rugar da ke bayan gari ita ta cece mu. Ta tarar da ni da mataji a hannu, ta sauke ƙwaryarta, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Malama, haka Allah ya yi ta. Ko man shanun ƙwaryar nan duka kika juye mata, gashin nan ba zai kwanta ba." Ita ta koya mana komai. Ta ce a ba ta dusa da gero da ɗan ganye, a canza mata ruwa kullum, a zuba mata toka da yashi a wani lungu ta riƙa birgima a ciki don kada ƙwarƙwata ta kama ta, a kuma yi mata akurki a waje mai ɗan tudu saboda ruwan sama da muzuru. Da za ta tafi sai ta rage murya ta ce in kula da bakin mutane, domin irin wannan kazar bokaye ke cewa a kawo musu. Wasu na cewa tana tone abin da aka binne, wasu na cewa da ita ake aika wa mutum mugun abu. Na taɓe baki na ce mata ni kazata dusa kawai take tonowa.

Abin da kazar nan ta yi wa 'yata, babu likitan da ya yi mata. Da an taso daga makaranta, ko kayan makaranta ba ta cirewa take nufar akurki. Sai in tsaya a jikin taga ina jin ta tana ba Gimbiya labari, wa aka daka a aji, wa ya zubar da abincinsa, me malamin lissafi ya ce, maganar na zuba kamar an buɗe famfo. Ranar da na fara ji sai da na zauna a bakin gado na yi kuka, na farin ciki da na kishi a haɗe. Ni da na haife ta ban samu rabin wannan hirar ba.

Ba a daɗe ba gidan ya fara canza mana fuska. Matan da muke tsinke alayyafo tare suka riƙa janye 'ya'yansu in kazar ta gifta. Wadda ta fi kowa ɗaukar abin da zafi ita ce maƙwabciyata ta ɗakin ƙarshe, wata babbar mace mai sayar da atamfa da mayafai, wadda duk gidan Hajiya muke ce mata. Mace ce mai tsafta da tsare gida, ko ƙwallon yaro ya faɗa bayan ɗakinta sai dai ya haƙura da shi. Ta daina amsa gaisuwata, kullum da safe kuma sai ta yayyafa ruwan gishiri a bakin ƙofarta tana kallon akurkinmu. Da mai hankali ce ni, da na je na zauna da ita mun yi magana. Maimakon haka sai na riƙa fito da kujera bakin ƙofa da yamma, in ɗora kazar a cinya ina shafa ta, ina yi wa duk wanda ya wuce sannu da babbar murya. Na yarda a nan na ƙara wa wutar itace, kuma a lokacin daɗi nake ji.

Sai wata Litinin muka dawo makaranta babu Gimbiya. Muka duba akurki, muka duba bayan rijiya, muka zaga har bakin titi, shiru. Yarinya ta ƙi abinci, ta ƙi magana, ko nunin ma ta daina. Ni a raina na gama yanke cewa wani ne a gidan ya halaka ta, har na fara tsara maganganun da zan gaggaya wa mutane. A cikin makon kuma ƙafar Hajiya ta dama ta kumbura sumtum, ta kasa saka takalmi, aka fara raɗe-raɗin cewa wani abu ta taka.

Ranar Alhamis da rana sai ihu ya tashi daga bayan ɗakin Hajiya. Muka ruga. Ta je ɗauko wata tsohuwar tukunya ce cikin tarkacen da ta jingine a ƙarƙashin tagarta, sai ga kazarmu kwance lakadan a kan ƙwai tara, ta ƙara baza gashin nan tana gurnani. Ashe ta daɗe tana zuwa nan tana saka ƙwai a ɓoye, yanzu kuma kwanci ta shiga, ba ta fitowa sai ɗan lokacin da muke makaranta, ta ci ta sha ta koma. Ni ban ma san kaza na yin haka ba sai ranar. Hajiya ta ɗora hannu a ka tana salati, ta ce, "Jama'a ku zo ku gani da idonku! Daidai saitin gadona! Malama, me na tare miki a duniya?" Na ce, "Hajiya, ƙwai ne fa, irin wanda kike soyawa da safe." Ta ce ba ni za ta yi wa magana ba, mai gidan haya za ta kira.

Da magariba maigidana ya dawo ya ji labari, ya zauna ya yi tagumi. Ya ce an riga an kira shi a waya, wai malamin Hajiya ya ce ƙafar ba za ta saɓe ba sai an yanka kazar a daidai inda ta kwanta, an fasa ƙwan. Ya ce, "Don Allah ki yi haƙuri, kaza ce fa. Gobe in sayo wa yarinyar nan guda biyu, farare tas." Na ce masa, "Ka je ka dubi 'yarka a ɗaki, kwana huɗu ba ta ce uffan ba, sai yau da ta ga kazar ta ci tuwo. Ka gaya mata da bakinka cewa kaza ce fa. Sannan in na bari aka sa wuƙar nan, na amsa ke nan cewa ni na yi wa Hajiya asiri. Wallahi ba zan amsa abin da ban yi ba." Ya san in na kai ga rantsuwa magana ta ƙare.

Ranar Asabar bayan la'asar aka zauna. Mai gidan, wani dattijo dillalin shanu a kasuwar Dei-Dei, ya zauna a kujerar roba yana jan carbi. Aka fito da Hajiya aka ɗora ƙafarta a kan turmi don kowa ya gani, kuma gaskiya ƙafar ta ba ni tausayi. Wani ƙanenta ya zo da wuƙa naɗe a takarda, ya ajiye a gefensa, wato shi ya riga ya san yadda shari'ar za ta ƙare. 'Yata kuwa tun safe tana can bayan ɗakin Hajiya, zaune a ƙasa kusa da kazarta tana gadi.

Kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wata ta ce tun da kazar ta zo take mugun mafarki. Wata ta ce ɗanta ya yi zazzaɓi sau biyu, kamar dā sauro bai san hanyar gidan ba. Wani makanike da ke ɗakin farko, wanda Hausarsa ta kasuwa ce, ya ce, "Malama, abeg, ka bari a yanka shi kawai, mu duka mu ci, wahala ya ƙare. Oga landilod, ko ba haka ba?" Da aka zo kaina na miƙe tsaye. Na ce kazata ba ta san sunan kowa ba, ba ta san gadon kowa ba, abin da ta sani dusa ne da inuwa. Na ce ƙafar Hajiya asibiti take nema, kuma in ana so gobe ni da kaina zan raka ta. Na ce duk wanda ya gan ni a ƙofar boka ya tashi ya faɗi ranar da unguwar. Babu wanda ya tashi. Na juya ga mai wuƙar na ce ya mayar da ita inda ya ɗauko, domin duk wanda zai taɓa kazar nan sai ya fara ture ni.

Mai gidan ya bari na gama, sannan ya ce, "Malama, ni ban ce kin yi komai ba, Allah shi ne shaida. Amma gida na iyali shida ba zai hargitse saboda tsuntsuwa ba. Ki zaɓa, ko kazar ko ɗakin." Maigidana ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na san neman ɗaki a Abuja ba wasan yara ba ne, amma na riga na buɗe baki zan ce a ba mu notis.

Ban kai ga faɗa ba sai ga 'yata ta zagayo daga bayan ɗaki, siket duk ƙasa. Ta ratsa tsakanin kujeru, ta zo ta tsaya a gaban mai gidan. Yarinyar da ko gaisuwa ba ta yi wa baƙo sai dai ta durƙusa. Ta buɗe baki ta ce, "Ba... ba... ba..." Ta tsaya. Ta runtse ido, ta buga ƙafa. Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya. Hajiya ta ce, "A kai yarinyar nan ɗaki mana, manya na magana." Ubanta ya miƙa hannu zai janye ta. Ni kuma maganar ta riga ta hau harshena, domin na tabbata na san abin da za ta ce, Baba kada a yanka ta, kuma saura ƙiris in faɗa mata kamar yadda na saba. Sai ta buɗe ido ta dube ni. Ba zan manta da kallon nan ba. Tsoro ne a idonta, kuma ba mutanen take tsoro ba, ni take tsoro, kada in ƙwace mata maganar.

Na haɗiye abin da ke bakina. Na daka wata tsawa da ni kaina ban san ina da ita ba, na ce, "Ba wanda zai motsa daga nan! Kowa ya faɗi tasa an saurare shi. Ku jira ta gama, ko da za mu kai isha'i!" Na dubi yaron da ya yi dariya, ya nutse a bayan uwarsa.

Aka jira. Wallahi an jira. Ina jin ƙarar babura a titi, ina jin gumi na bin bayana, yarinya tana kokawa da kalma ɗaya-ɗaya. Sau uku bakina yana buɗewa da kansa ina datse shi. Ta gaida mai gidan tukuna, wannan kaɗai ya ɗauki lokaci. Sannan ta juya wajen Hajiya, abin da ban yi tsammani ba. A daddatse maganar ta fito, amma babu wanda bai ji ba. Ta ce, "Hajiya, ba ke take nema ba. Yara jifanta suke yi ko'ina. Bayan ɗakinki ne kawai ba sa zuwa, don suna tsoronki. Ta san a wajenki ba mai taɓa mata ƙwai."

Can sai makaniken nan ya fashe da dariya yana dukan cinya yana cewa, "Gaskiya ne! Ni ma babba ina tsoron wurin!" Mai gidan ya kai hannu ya rufe bakinsa, amma kafaɗunsa sun tona masa asiri. Hajiya ta gyara mayafi, ta rasa ko zagi aka yi mata ko yabo. Iyayen yaran da ke jifan kuwa kowace ta sami abin kallo a ƙasa. Ni ko kaɗan ban san ana jifan kazar ba, ban san dalilin da ya kai ta can ba, ban san komai ba. Da na ƙarasa wa yarinyar nan magana, da roƙo kawai za a ji, a ce Allah sarki, a yanka kaza.

Mai gidan ya gyara murya ya ce shi shekara da shekaru yana harkar dabbobi, bai taɓa yarda a sa wa mai ciki wuƙa ba, kuma kaza mai kwanci duk ɗaya ne a wurinsa. Ya ce a bar ta ta ƙyanƙyashe a inda take, bayan nan in kewaye mata wuri da waya a bayan ɗakina, kada ta ƙara yawo. Ya ce wa ƙanen Hajiya ya ɗauki wuƙarsa, Litinin kuma ya kai yayarsa asibiti. Maganar ɗaki bai sake tayar da ita ba, ni ma ban tuna masa ba.

Kada wani ya ɗauka daga nan muka zama aminai da Hajiya. A asibiti an ce ciwon suga ne, aka ɗora ta a kan magani ƙafar ta saɓe, amma har muka bar gidan tana cewa abu biyu ne suka haɗu mata, suga da asiri. Sai dai a sauran kwanakin kwancin nan, da kunnena na ji ta tana korar yara daga bayan ɗakinta da muryar da ta fi ta dā ƙarfi. 'Yan tsaki shida suka fito, biyu da murɗaɗɗen gashin uwarsu. Ranar da za mu mayar da su sabon wurinsu ban bi ta lungu ba, ta tsakiyar gida muka ratsa da rana tsaka, 'yata a gaba da kwando, ni a baya ina gaida kowa.

I'inar 'yata ba ta tafi ba, kada in yi muku ƙarya. Yanzu ta zama budurwa, har yau kalma takan tsaya mata, kuma har yau muna kiwon kaji a bayan gida, ba ma yanka ko ɗaya. Amma daga ranar nan ta daina nuni da hannu.

Na shiga taron nan ina ganin ni ce jarumar da za ta kare 'yata daga mutanen gida, na fito na gane a cikin masu danne mata murya ni ce ta gaba, domin ni nake yi kullum, kuma da sunan ƙauna. Abin da na koya shi ne, duk abin da ɗanka ya samu yana riƙe da shi a duniya, komai muninsa a idon mutane, kada ka miƙa shi don a ce kana da kirki. Kuma mai nauyin baki ba ya rasa abin faɗa, wanda zai jira shi yake rasawa. Tun daga Asabar ɗin nan, in 'yata ta fara magana ina kama bakina har ta kai aya, a gida ne ko a gaban baƙi. Wanda kuma ba zai iya jira ba, sai ya tashi ya ba mu wuri.